Sunan da Ke Cikin Faifan Yaya Ɗahiru

Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar kwamfutar makaranta ko ta ofis tsakanin Bebeji da Doguwa ya ga sunan Muhsina. Da ka danna manhajar rubutu, kafin farar takarda ta bayyana, sai sunan ya gilma a gabanka. To, Muhsinar nan ba mai kamfani ba ce kamar yadda wasu suka ɗauka. 'Yata ce, tun daga yaye take hannuna. Ubanta shi ne wana, Ɗahiru, wanda mutanen Kiru ke kira Ɗahiru Mai Faifai. Ni ce Balaraba ƙanwarsa, kuma ni kaɗai ce a gidanmu nake iya kallon idonsa in gaya masa gaskiya, don haka ni zan ba da labarinsa.

Mu mutanen Yako ne. Kakanninmu da shanu suka zo, suka zauna suka kama noma. Shanun sun ragu, Fulatancinmu ma bai wuce na gaisuwa ba, amma fulako, wato kunyar nan ta Fulani, bai bar gidanmu ba. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane, ba a nuna ana son sa. Kowa yana yi, amma kowa yana sassautawa in yaro ya girma. Yaya kuwa da zafi ya ɗauki abin, ga shi Muhsina ce 'yarsa ta fari. Tun ranar suna har ta gama difloma bai taɓa cewa Muhsina da bakinsa ba. "Waccan" yake cewa, ko ya ce da ni "'yar taki". In ta gaishe shi, bango yake amsa wa. Wannan hali nasa bara saura ƙiris ya raba shi da ita, kuma wallahi da ya ji jiki.

Shi dai Yaya da kiwon maruƙa ya fara, kamar kowa. Aka sa shi a boko, aka ga yana da haƙurin zama wuri ɗaya, ya ƙare a mai buga tafireta a wani ofis a Kiru. Da kwamfuta ta shigo, abokan aikinsa suka riƙa zagaye ta daga nesa, shi kuwa ya ja kujera ya zauna. Bai daɗe ba ya bar aikin ya buɗe ɗan shago a bakin titi, yana buga takardu, yana gyaran kwamfutoci. Lokacin ne makarantu da ofisoshi suka fara samun nasu, kuma kowace sai an saka mata manhajar ofis, wato ta rubutu da ta lissafi, daga faifai.

Faifan nan na kamfani kuwa ɗan tambaya ne na ƙarshe. Ka zura shi, ya ce ka yarda da sharuɗɗa? Ka danna. Ya ce sunanka? Ka buga. Me da me kake so a saka, ina za a ajiye, ka tabbata? Ba ya motsi sai ka amsa, kuma ba a jere yake tambayar ba, sai ya yi tafiya ya tsaya. Wata rana a wata makaranta a Tudun Wada, Yaya ya jera kwamfutoci cike da ɗaki, ya tayar da su duka, janareta na ruri. Aka kira azahar ya fita. Daga masallaci hedimasta ya ja shi cin shinkafa, ka san mutanen Tudun Wada da shinkafarsu ba a ce musu a'a. Ya dawo yana shafa ciki, ya tarar kowace ta tsaya cak a tambaya ta biyu tana jiran sa, man janareta kuma ya ƙare. Ranar ya dawo gida ko tuwo bai kalla ba.

"Balaraba," ya ce da ni, "abin da amsarsa ɗaya ce kullum, don me za a yi ta tambayata?"

Na ce, "Ni ka ga na yi kama da mai kamfanin? Je ka tambaye su."

Ai kuwa ya shiga Kano ya yi ta bin masu sana'ar, har ya gano akwai hanya. Ana rubuta amsoshin duka a wani ɗan fayil, a haɗa shi da manhajar a sabon faifai, in an zura sai faifan ya riƙa karanta amsar da kansa. Faɗa da baki sauƙi. Faifan da Yaya ya lalata kafin ya dace, ni na san su, don ni nake kwashe su in ɗaure da zare in rataye a gonar dawa. Shekarar nan tsuntsu bai sauka a gonata ba, maƙwabta har aike suke a tambayi Mai Faifai ko an samu wani lalataccen.

Ranar da ya dace, har Yako ya ɗauko kwamfutar shagon a bayan babur don mu gani. Ya zura faifai, ya buga lambar lasisi, wadda ita kaɗai ce tambayar da ya bari tunda kowace makaranta da tata, sannan ya naɗe hannuwa a ƙirji ya ja baya.

"Ku duba," ya ce. "Ba hannu."

Innarmu, Allah ya ji ƙanta, ta leƙa ta ga abu na tafiya shi kaɗai, ta ja zanenta ta ce a fitar mata da shi daga ɗaki.

Kuma ba amsa kawai ya saka ba, gyara abin ya yi daidai da mu. Ya cire tarkacen da ba mai amfani da su a nan, don aikin ya gama da wuri. Ya sa girman takarda ya zama irin wadda ake sayarwa a kasuwarmu, don da can in an buga wasiƙa sai gindinta ya yanke. Ya ƙara girman rubutu, saboda hedimastocinmu duk da tabarau suke. Wanda ya fi burge mutane, ya sa manhajar ta riƙa adana aiki da kanta a kai a kai, don in an ɗauke wuta kada magatakarda ya ɗora hannu a ka. Daga nan sunansa ya tafi. Ya naɗe faifan a hankici ya sa a aljihun gaba, ya hau babur, yau Badafi, gobe Bebeji, jibi Doguwa. In ya isa ya zura ya buga lamba, sai ya fito gindin bishiya. Faifai na aiki a ciki, shi yana waje yana shan rake da hira. Ban taɓa ganin sana'ar da ta sa mutum ƙiba da yawan abokai irin wannan ba.

A ranar gwajin nan ta Yako na fara ganin sunan. Manhaja ta buɗe, sai ga Muhsina ɓaro-ɓaro a wurin sunan mai ita. Yarinyar lokacin tana tsakar gida tana wasan ƙasa.

Na ce, "Yaya, mene ne wancan?"

Ya ce, "Kuskure ne. Gwaji nake, na buga abin da ya zo hannuna, na manta ban goge ba."

"Abin da ya zo hannunka?"

"Ke, miƙo min buta."

Shi ke nan fa, kuskure ya bi ƙasa. Duk kwamfutar da faifan ya shiga, Muhsina ce mai ita, duk takardar da aka buga, ita ce marubuciya. Tun mutane na tambaya har suka saba, ƙarshe ma suka mai da shi sunan manhajar. Sai ka ji mutum ya tsaya a ƙofar shago yana cewa, "Mai Faifai, a zo a saka mana Muhsina." Wani ya ce tasa Muhsinar ta daskare tun jiya. Wani dattijon magatakarda a Bebeji har busasshen kifin Bagauda ya ba da, wai a kai wa Hajiya Muhsina mai kamfani, aikinta na kyau. Yaya ya kawo min kifin ya ajiye, muka yi miya da shi. In wani ya ce a canza masa sunan, amsa ɗaya ce: kuskure ne tun farko, gyaransa sai an sake faifai, za a duba.

Kowa dariya yake, ban da mai sunan. A makaranta yara suka sa ta a gaba. In ta yi shiru a aji a ce ta daskare, in ta makara a ce ta ƙi buɗewa. Ta sha dawowa da kuka. Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa, ta faɗa min da ta girma, ba tsokanar ba ce. Ta ce, "Goggo, sau ɗaya Baffa ya taɓa tuna sunana, shi ma ya ce kuskure ne." Ni kuwa sai na shiga faɗan wanke-wanke.

Duk da haka ilimin kwamfutar ta karanta, jini ba ya ɓuya. Ta gama difloma a Kano, wani kamfani a Kaduna ya ce ta zo bayan babbar salla. A daidai lokacin kuma yanar ido ta fara rufe wa Yaya gani. Yana ɓoyewa, amma na kama shi ya manna hanci a gilashin kwamfuta yana laluben harafi. Shago na neman mai riƙe shi, ga mai riƙewa a gida, kowa ya gani.

Na same ta na ce, "Ke, ba za ki zauna ki kama wa ubanki ba?"

Ta ce, "Goggo, ni Kaduna ba ta dame ni ba. Shagon nan na fi so. Amma ba zan zauna wurin mutumin da ban san ko yana so na zauna ba. Ya kira ni da bakinsa ya faɗa. In bai kira ba, in an yi salla na tafi."

Na zari mayafi sai Kiru. Na same shi a shago na zazzage masa tas. Na ce Inna da kuke jin kunyarta ta rasu, Baffanmu ya rasu, wa ya rage kake wa fulako, ni? Ya sunkuyar da kai yana murza hankicin faifai.

Can ya ce, "Ki gaya mata in tana so ta zauna."

Na ce, "Ni ba 'yar aikenka ba ce. Bakinka ciwo yake?"

Ya ce, "Balaraba, ba zai fito ba."

Yadda ya faɗa ɗin, tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma ya ƙaru. Na fito ina surutu ni kaɗai a titi har wani mai babur ya tsaya ya tambaye ni ko lafiya.

Ana saura 'yan kwanaki salla sai ga kira daga Doguwa. Malam Maikano, hedimastan wata makarantar al'umma kuma tsohon abokin shan raken Yaya, ya ce sun samu sababbin kwamfutoci, a zo a saka musu Muhsina. Ina jin haka na ce tafiyar da ni, dankali zan saya. Na ce kuma 'yata za ta raka ni, don ba na iya ɗaukar kaya. Yaya ya kalle ni, ya san ƙarya nake. Idonsa bai kai na babur ba yanzu, muka hau ƙaramar bas. Damina ta zauna, masara ta rufe gonaki, dajin Falgore ya yi kore shar. Ni ina tsakiya, uba a dama, 'ya a hagu, kowa na kallon tagarsa. Haka muka je.

Malam Maikano ya tarbe mu da fura, ya kai mu ɗakin. Kwamfutoci ne sirara, baƙaƙe, sai ƙyalli. Yaya ya gyara hula, ya zaro hankici, ya warware faifai a hankali yadda ya saba. Ya kai hannu gefen ta farko yana laluben inda ake zurawa. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya ɗaga ta ya leƙa ƙasa.

"Malam Maikano, ina bakinta?"

Malam Maikano ya ce shi ma tun jiya yake nema.

Muhsina na bakin ƙofa. Ta ce, "Goggo, ki gaya wa Baffa irin waɗannan ba su da wurin faifai. Da filas ake saka musu, ɗan abin nan kamar yatsa da ake sokawa a gefe. Kuma manhajar da aka ba su sabuwa ce, tsohon faifan ba zai hau ba."

Yaya ya tsaya da faifai a hannu. Wallahi sai na ga ya tsufa a take. Ya mai da shi cikin hankici yana naɗewa, ya ce to, Allah ya sa haka ne mafi alheri, a nemo yaran Kano su yi.

Na ce, "Yaran Kano na lafiya? Ga ta Yako a tsaye." Na jawo ta na zaunar a kujerar da ke gefensa.

Ta buɗe tata kwamfutar, ta karɓi manhajar makarantar da lasisinta, ta ce za ta haɗa filas mai amsa tambaya da kansa irin faifan, amma fayil ɗin amsoshi sai an rubuta sabo, kuma ba ta san me da me yake sakawa ba. Nan fa aka fara abin dariya. Tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba, amma komai sai ya bi ta kaina.

"Gaya mata ta cire ɓangaren aika saƙo, ba mai amfani da shi a nan."

"Goggo, gaya masa yanzu ana amfani da shi."

"To gaya mata ta bari. Takarda fa, ta sa irin tamu."

"Na sa."

"Gaya mata rubutu ya yi girma."

"Goggo, ce masa Malam Maikano ya sake tabarau."

Malam Maikano ya ce a'a, a dai ƙara girman, tabarau ɗin na ado ne. Yaya ya yi dariya har da buga cinya, ya manta da kansa ya matso da kujera. Da suka zo kan adana aiki saboda ɗaukewar wuta, ta ce wannan dabara ce mai kyau, ba a koya musu ita a makaranta ba. Na ga kunnen Yaya ya motsa don daɗi, amma ya murtuke ya ce in gaya mata ta yi sauri.

Tana cikin bugawa sai na ga hannunta ya tsaya. Ta daɗe tana kallon gilashin.

"Goggo," ta ce, "tambayi Baffa, faifan nan na aljihunsa, shi ne na farkon?"

Ya ce, "Ina! Na farkon ai ya daɗe a gonar dawa. Duk sanda suka fito da sabuwar manhaja sai na sake."

"Kuma duk sakewa, amsoshin sai an rubuta su daga farko, kamar yadda nake yi yanzu? Tsohon ba ya hawa?"

"Ba ya hawa," ya ce, da alfaharinsa na mai sana'a. "Layi-layi nake sake bugawa da hannuna."

Yana rufe baki ya gane abin da ya faɗa. Ni ma sai lokacin na gane, na ce, "La'ilaha illallahu! Yaya, ashe kuskuren naka sabunta shi kake yi?" Malam Maikano ya ce bari ya je ya duba ko an kawo ƙarin fura, ya fice da sauri har yana tuntuɓe.

Muhsina ba ta ɗago ba. Ta ce, kuma wannan karon ba ta ce Goggo ba, "Baffa, saura layi ɗaya. Wurin suna. Me zan sa?"

Ya juyo gare ni. "Balaraba, gaya mata..."

Na ce, "Ni dankali na zo saya." Na juya masa ƙeya.

Ya yi gyaran murya. "A sa wanda yake ciki tun da."

"Ban san shi ba, Baffa. An ce kuskure ne."

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Yaya ya cire hula ya mayar. Ya kalli bango, abokin maganarsa na shekara da shekaru, bango bai taimake shi ba. Na san in ya tashi ya fita, yarinyar nan ta tafi ke nan. Sai ya ɗora tafin hannunsa a kan teburin, kusa da nata, ya buɗe baki da ƙyar.

"Muhsina."

"Na'am, Baffa."

Ba suna ya ba ta ta buga ba, kiran ta ya yi, ita ma ta sani, shi ma ya sani. Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Kada ki tafi."

Ni da na zo da shirin yi masa tsiya, sai ga ni ina kuka da majina a gefen mayafi. Ita ta buga sunan tana share ido da bayan hannu, ta zare filas, ta bi kwamfutocin tana sokawa. Suka kama aiki su kaɗai, ba mai taɓa su. Yaya ya naɗe hannuwa a ƙirji yadda ya yi a Yako, hawaye na bin gemunsa, ya ce in gaya wa Malam Maikano yanar idon nan ce take sa shi ruwa. Na ce ya gaya masa da kansa, na yi murabus.

Dankalin ma ban saya ba, sai da muka wuce Falgore na tuna.

Yanzu ita ke riƙe da shagon Kiru. An yi masa aikin ido, yana gani tangaran, amma ya ce kujerar bakin ƙofa ta fi masa, yana shan rake yana tare abokan ciniki da hira. Tsohon faifan yana nan a aljihunsa cikin hankici, ba ya aiki, ba ya kuma barin a taɓa. Kada ku ɗauka ya canza. Tun ranar Doguwa bai sake kiran sunan ba, ya koma "waccan" abinsa. Sai dai yanzu in ya ce, "Ina waccan?" ba ni yake tambaya ba, kuma daga cikin shago za ka ji ta ce, "Na'am, Baffa."